Me Ya Sa Kwikwiyo Ke Taune Komai, Kuma Yaushe Haɗiya Ke Zama Haɗari?

Me ya sa kwikwiyo yake taune duk abin da ya ci karo da shi, tun daga silifas har zuwa cajar waya, kuma a wane lokaci ne wannan ɗabi'a take tashi daga ɓarnar da za a yi haƙuri da ita ta koma abin da zai iya kashe shi? Tambayar ta yawaita a 'yan shekarun nan, tun da mutane da dama a birane suka koma ajiye karnukan gadi saboda matsalar tsaro, kuma a shafukan sada zumunta ana yawan ganin hotunan safa da duwatsu da leda waɗanda likitocin dabbobi suka ciro daga cikin karnuka. Abin da ya sa batun ya cancanci fashin baƙi shi ne yawancin masu kare suna kallonsa a juye. Suna tsananta wa tauna, wadda halitta ce mai wucewa, har su kai ga duka, amma idan aka zo kan haɗiya, wadda jinkirin kwana ɗaya a kanta kan iya jawo asarar rai, sai su ce a bari a ga yadda zai kwana.

Tauna daban, haɗiya daban

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Na farko shi ne tauna, wato kwikwiyo ya kama takalmi ko ƙafar kujera ya yi ta gurgura, ya yayyaga, ya zubar. Na biyu shi ne haɗiyar tsautsayi, inda ana cikin taunar sai wani gutsure ya wuce, ko kuma ya haɗiye abin da sauri don kada a ƙwace. Na uku shi ne kwaɗayin cin abin da ba abinci ba, wanda likitoci ke kira faika, inda kare yake neman ƙasa ko tsakuwa ko tsumma da gangan yana ci a kai a kai. Na farkon kusan kowane kwikwiyo yana yi. Na biyun yana iya samun lafiyayyen kwikwiyo a gidan da ake kula da shi sosai. Na ukun kuwa sau da yawa alama ce ta wata matsala a jiki ko a yanayin da aka ajiye dabbar, kuma yana buƙatar bincike.

Haƙora da famfara

Ana haihuwar kwikwiyo ba haƙori ko ɗaya. Haƙoran nono suna fara fitowa yana da kimanin mako 3, kuma kafin ya cika mako 8 sun kammala, su 28. Daga wata 3 zuwa 4 sai ya fara famfara, manyan haƙora su riƙa turo na nono, har su cika 42 yana da wata 6 zuwa 7. Duk tsawon wannan lokaci dasashinsa yana ƙaiƙayi da zafi, kuma danna shi a kan abu mai tauri yana kawo masa sauƙi. Wannan ne ya sa ɓarna ta fi tsanani tsakanin wata 3 da wata 7, kuma mai kare kan ga ɗan jini a jikin abin da aka tauna, ko ya tsinci ɗan ƙaramin haƙori a ƙasa. Yawancin haƙoran nonon ma haɗiye su yake yi, kuma ba sa yi masa komai.

Bayan haƙori akwai binciken duniya. Kare ba shi da hannun da zai ɗauki abu ya jujjuya, saboda haka da hanci da baki yake sanin ko abu mai tauri ne ko mai laushi, ko ana cinsa ko ba a ci. Abin da ke ɗauke da warin jikin mai gida, kamar safa da ɗan kamfai da takalmi, ya fi jan hankalinsa, haka kuma duk abin da ya taɓa abinci, kamar ledar da aka ƙunso nama, soson wanke-wanke da tsinken tsire. Ba ƙeta ke sa shi zaɓar takalmin da aka fi so ba, shi ne wanda aka fi sawa.

Inda lamarin ya wuce na haƙori

Idan kwikwiyo yana cin ƙasa da tsakuwa da gangan, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne abincinsa da cikinsa. Kwikwiyon da bai kai wata 3 ba yana buƙatar cin abinci sau 4 a rana, sannan sau 3 har zuwa wata 6. A gidaje da yawa kuwa sau ɗaya ake zuba masa ragowar tuwo ko ƙanzo da daddare, abincin da ke cika ciki amma ba shi da isasshen sinadarin gina jiki. Tsutsar ciki ita ma tana da hannu, domin kwiyakwiyai da yawa suna ɗaukar ta tun suna cikin uwa ko ta hanyar nono, kuma wani nau'inta yana maƙalewa a bangon hanji yana shan jini. Ƙarancin jini kan zo da kwaɗayin cin ƙasa, abin da aka sani har a tsakanin mutane, musamman masu juna biyu da ke cin farar ƙasa. Idan aka ɗaga leɓen kwikwiyo aka ga dasashinsa ya yi fari maimakon ja-ja, wannan dalili ne na zuwa wurin likita ko da bai haɗiyi komai ba.

Sai kuma zaman kaɗaici. Kwikwiyon da aka ɗaure da sarƙa ko aka kulle a keji yini guda, da sunan wai ana so ya yi zafi, ba shi da abin yi sai taunar katako da kwanon abinci da tsakuwar da ke gabansa. Raba shi da uwa da wuri ma yana ƙara matsalar. Wani bincike da aka yi a Italiya aka wallafa a 2011 ya kwatanta karnukan da aka raba da uwa suna da kwana 30 zuwa 40 da waɗanda aka bari har kwana 60, ya samu cewa na farkon sun fi yawan ɓarna da tsoro da haushi bayan sun girma. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa kada a saya ko a sayar da kwikwiyo kafin ya cika mako 8, duk da cewa masu sayarwa sukan so su rabu da su tun suna ƙanana. Akwai kuma gadon halitta. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun gano wani canji a ƙwayar halittar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na karnukan Labrado, wanda ke sa su yawan jin yunwa ko da sun ci.

Tsoron haukan kare

Wasu suna tsoron cewa kwikwiyon da ke taune komai ya kamu da ciwon hauka ne. Wannan tsoro yana da tushe, domin kare mai ciwon hauka yakan ciji itace da ƙarfe, ya haɗiyi duwatsu da ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suke kamuwa. Amma bambancin a bayyane yake ga wanda ya lura. Kwikwiyo mai famfara yana wasa, yana cin abinci, yana shan ruwa, yana gane mutanen gidansu. Mai ciwon hauka halinsa ne yake sauyawa cikin 'yan kwanaki, muryarsa ta canza, ya riƙa dalalar da yawu, haɗiya ta gagare shi, muƙamuƙinsa ya saki, ƙafafu su shanye, kuma da wuya ya wuce kwana 10 da fara nuna alama.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata kowa ya sani. Karen da ciwon hauka ya shanye wa maƙogwaro yana yin kama da wanda ƙashi ya maƙale wa, kuma mutane sun sha zura hannu a bakin irin wannan kare don su ciro ƙashin da babu shi. Idan ba a yi wa kare rigakafi ba, ko wani baƙon kare ya taɓa cizonsa, kada a sa hannu tsirara a bakinsa. Ana yin allurar rigakafin yana da wata 3, kuma a Najeriya Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana cikin masu samar da ita. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Abin da ke faruwa a ciki bayan haɗiya

Abin da kare ya haɗiye yakan ɗauki sa'a 10 zuwa 24 kafin ya fita ta bayan gida, kuma ƙananan abubuwa masu santsi da yawa suna wucewa lafiya. Wannan ne ya haifar da maganar da ake yi cewa cikin kare yana narkar da komai. Gaskiya ne ruwan tumbinsa yana da ƙarfin da zai iya laƙume ɗan ƙashi, amma ba ya narkar da leda ko roba ko auduga ko dutse. Hanyar kuma tana da wuraren da take tsukewa: maƙoshi, ƙofar fita daga tumbi, da ƙaramin hanji. Abin da ya samu ya wuce baki ba lallai ne ya wuce waɗannan ba.

Totuwar masara tana cikin abubuwan da likitocin dabbobi suka fi ciro wa karnuka a ko'ina a duniya, domin tana da ɗanɗano, ba ta narkewa, kuma faɗinta ya yi daidai da toshe hanji. Ƙwallon mangwaro ma haka yake, kuma duk wanda ya san yadda ake yar da su a tsakar gida da bakin titi idan kakarsu ta zo ya san yawan damar da kwikwiyo ke samu. Idan abu ya toshe hanji, ruwa da iska suna taruwa a bayansa, amai ya tsananta, jiki ya bushe. Matsin da abin yake yi wa bangon hanji yana hana jini zagayawa, sai wurin ya mutu, ya ɓule, ƙazantar hanji ta zuba a cikin ciki. Daga nan ƙwayoyin cuta ke shiga jini, kuma ko an yi tiyata ba kowane kare ke tashi ba.

Zare da igiya da yagaggen tsumma da ragar kamun kifi sun fi wannan muni, duk da cewa su ne ake rainawa. Gefe ɗaya yakan naɗe a gindin harshe ko ya maƙale a ƙofar tumbi, ɗaya gefen ya ci gaba da tafiya cikin hanji. Hanjin yana ta ƙoƙarin tura shi, sai ya tattare a jikinsa yadda ƙubakar wando ke tattarewa idan an ja mazagi, zaren kuma ya riƙa yanka bangon hanjin a wurare da yawa. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2009, wanda ya duba karnuka da kyanwowi 208, ya samu cewa kashi 94 cikin 100 na karnukan da suka haɗiyi dunƙulallen abu sun rayu, amma na masu zare kashi 80 ne, kuma daɗewa ana ciwo kafin a kai asibiti yana ƙara yawan mutuwa. Saboda haka idan aka ga zare yana leƙowa daga baki ko dubura, kada a ja shi.

Tsinken tsire da allura da ƙugiya da dafaffen ƙashin kaza suna huda ne. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli yana iya ƙona maƙoshi cikin sa'o'i biyu. Maganaɗisu biyu, idan aka haɗiye su, suna jan juna daga lanƙwasar hanji daban-daban har su ɓula abin da ke tsakaninsu. Wayar lantarki kuwa ba ta jiran a haɗiye ta: tana ƙona baki da harshe, kuma ruwa kan taru a huhu sa'o'i bayan nan, lokacin da mai gida ya ɗauka an tsira.

Alamomin da ba a jira a kansu

Amai da ke maimaituwa, musamman idan ko ruwa ya sha sai ya dawo da shi, shi ne babbar alama. Sai ƙin abinci, kasala, kuka idan an taɓa ciki, yunƙurin kashi ba tare da komai ya fito ba, da wata tsayuwa da yake yi ta kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga ƙugu sama ya daɗe a haka. Idan abin bai toshe hanyar gaba ɗaya ba, alamomin sukan zo su tafi, ya yi amai yau gobe ya ci abinci, yana ramewa a hankali har makonni. Idan a baki ko maƙogwaro ne, zai riƙa dalala yana kai ƙafa baki, kuma sau da yawa guntun itace ne ya gitta a saman baki tsakanin haƙora.

Abin da ke rikita mutane shi ne waɗannan alamomi sun yi kama da na cutar farbo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978 kuma har yanzu tana kashe 'yan kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba. Ita ma amai ne da ƙin abinci, sai zawo mai jini da wari. Akan yi kwana uku ana yi wa kwikwiyo allurai da ƙarin ruwa a gida da zaton farbo ce, alhali safa ce ta toshe hanji. Shi ya sa faɗa wa likita cewa an nemi safa ɗaya an rasa, ko an ga yagaggiyar leda a inda kwikwiyon yake kwana, yana da amfani ƙwarai.

Manja, gishiri da jira

Abin da aka saba yi a gida shi ne ɗura manja ko madara, ko ruwan gishiri don ya yi amai. Manja ba ya narkar da dutse kuma ba ya kashe guba, sannan idan aka ɗura wa kwikwiyon da ke fizge-fizge yana iya sarƙewa, man ya shiga huhu ya haifar da ciwo mai tsanani. Gishiri mai yawa shi kansa guba ne ga kare, yana jawo jijjiga har da mutuwa. Sa amai ma ba ko da yaushe yake da amfani ba. Abu mai kaifi yana yanka a hanyar dawowa, batir da kananzir da sinadarin wanke bayi suna sake ƙona inda suka bi. Likita yana da allurar sa amai, amma ta fi aiki cikin kimanin sa'o'i biyu na farko, kafin abin ya bar tumbi, kuma shi ne zai tantance ko abin ya dace a dawo da shi ta baki. Waɗannan sa'o'i biyu su ne mafi arha a dukkan lamarin, kuma su ne aka fi ɓatawa.

Idan shinkafar ɓera ya ci, lafiyar da ake gani a ranar farko kada ta ruɗi kowa. Nau'in da ke hana jini daskarewa ba ya nuna alama sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da jini ya fara zuba a ciki. Yana da makari, wato sinadarin bitamin K1, kuma tafiya da kwalin maganin wurin likita yana taimaka masa ya san irin gubar.

A asibiti likita zai lalubi ciki, ya duba ƙarƙashin harshe, sannan ya ɗauki hoto. Ƙarfe da dutse da ƙashi suna fitowa sarai, amma tsumma da leda da totuwa sukan ɓuya, sai an yi sikanin ko an ba shi wani farin ruwa da ke nuna inda hanya ta tsaya. Idan abin yana tumbi, wasu asibitoci suna da bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki a ciro shi ba tare da yanka ba. Idan ya shiga hanji sai tiyata, wani lokaci har a yanke ɓangaren da ya mutu a haɗa sauran. Ba kowane ƙaramin asibitin dabbobi ke da waɗannan kayan aiki ba, shi ya sa ake tura irin wannan matsala zuwa asibitocin koyarwa na jami'o'i, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri.

Takaddamar duka da ta ƙashi

Masu ganin duka shi ne magani suna kafa hujja da cewa kare ya san laifinsa, tunda yana sunkuyar da kai ya maƙale jela idan an shigo an tarar da ɓarna. A 2009 wata mai bincike a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan, ta samu cewa karnuka suna yin wannan sunkuyawa ne idan an yi musu faɗa, ko sun yi laifin ko ba su yi ba. Kwikwiyo ba ya haɗa dukan yamma da takalmin da ya tauna da safe. Abin da yake koya shi ne ya ɓuya kafin ya tauna, kuma idan ya ga an nufo shi ya yi maza ya haɗiye, wato dukan yana mayar da tauna haɗiya. Abin da ke aiki shi ne musaya: a nuna masa ɗan nama, ya saki abin da ke bakinsa, a ɗauke, a ba shi abin taunarsa. Wanda ya saba da haka yakan kawo abin da ya tsinta maimakon ya gudu da shi.

Batun ƙashi ya fi wuyar yankewa. Mafarauta da makiyaya za su ce karnukansu sun tashi a kan ƙashi kuma ba abin da ya same su, kuma akwai masana da ke ganin babban ɗanyen ƙashi, wanda ya fi ƙarfin haɗiya, yana goge haƙora. Wasu likitocin kuma suna hanawa gaba ɗaya saboda karyewar haƙori da ƙwayoyin cuta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana a 2017 cewa ta samu rahotanni kimanin 68 a kan ƙasusuwan da ake sarrafawa a sayar, waɗanda suka shafi karnuka kusan 90, kuma kimanin 15 sun mutu. Inda babu saɓani shi ne dafaffen ƙashi, musamman na kaza da na kifi, domin wuta tana sa shi tsagewa kamar tsinke. A ganina, kwikwiyon da bai gama famfara ba bai kamata a ba shi kowane irin ƙashi ba sai idan akwai mai tsaye a kansa.

Akwai kuma masu cewa ai kare ne, bai kai a kashe masa kuɗin tiyata ba. Kuɗin da yawa ne, kuma ba kowa ke da su ba. Amma wanda ya ɗauko dabba ya killace ta don ta tsare masa gida ya ɗauki nauyin ci da sha da lafiyarta, kuma malamai sun yi bayani a kan haƙƙin dabba a wuyan mai ita. Ga mai ƙaramin ƙarfi musamman, kariya ce hanyar da ta rage.

Yadda ake rage haɗarin

Aikin ya fi yawa a kan gida, ba a kan kwikwiyon ba. A share inda yake zama, a ɗaga takalma da shanya, a rufe kwandon shara, a naɗe wayoyi, a hana yara jefa masa totuwa da tsinken tsire, kuma kada a sake shi ya je bola. Abin taunar da za a ba shi ya fi ƙarfin bakinsa girma, ya kasance roba mai kauri da ba ta gutsurewa, kuma da ya fara yagewa a yar. Tsohon silifas bai dace ba, domin kwikwiyo ba ya bambanta tsoho da sabo. Maganin tsutsa ana fara shi tun yana mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har ya kai wata 3, sannan duk wata har wata 6. Gudu da wasa safe da yamma suna rage ɓarna sosai.

Wanda aka riga aka yi wa tiyata yana buƙatar sa ido na musamman a kwana 3 zuwa 5 na farko, domin a lokacin ne ɗinkin hanji ya fi saurin warwarewa, kuma amai ko zazzaɓi a waɗannan kwanaki dalili ne na komawa asibiti nan take. Bayan ya warke ma, tiyatar ba ta koya masa komai, tunda ba ya haɗa ciwon da safar da ya haɗiye kwanaki kafin nan. Karnuka da yawa ana sake buɗe su karo na biyu da na uku, kuma kowace tiyata tana iya barin tabon da ke manne hanji. Ga irin wannan kare likitoci sukan ba da shawarar takunkumi mai kama da kwando, wanda zai bar shi ya yi haki ya sha ruwa amma ya hana shi ɗaukar abu daga ƙasa, a riƙa sa masa duk lokacin da za a fita da shi.